Yi wa Katin Memori Fomat Domin Na'urar Gem ta Hannu: Inda Ruɗanin Yake

Ƙorafi iri uku ne suka fi yawo a bakin masu na'urar gem ta hannu game da katin memori. Wani ya sayo sabon kati mai giga 128, wayarsa ta karɓa, kwamfuta ma ta karɓa, amma da ya saka shi a Nintendo 3DS sai na'urar ta yi biris kamar ba a saka mata komai ba. Wani kuma ya zaro katin na'urarsa ya soka a kwamfuta don ya ƙara wasanni, kwamfutar ta ce sai an yi wa katin fomat, ya amsa mata, tun daga ranar na'urar ba ta sake tashi ba. Na ukun wasanninsa ne ke lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Mai gyara ya yi wa katin fomat, an sake zuba wasanni, ba a rufa mako ba matsalar ta dawo.

Dukkansu fomat suke ambata, amma ciwonsu ba ɗaya ba ne. Na farko yana bukatar fomat, sai dai ba irin wanda kwamfutarsa za ta ba shi da kanta ba. Na biyu fomat ɗin ne ya kashe masa na'ura. Na uku ko sau nawa aka yi masa ba zai warke ba, domin katin ne ba na ƙwarai ba. Abin da ya haɗa su shi ne ɗaukar fomat a matsayin magani guda na kowace cuta, alhali aiki ne takamaimai mai iyaka.

Me ake nufi da fomat

Katin memori, ko memori kawai kamar yadda aka fi faɗa, shi ne ɗan katin da ake ajiye waƙoƙi, hotuna, fina-finai da wasanni a ciki. Wanda ya fi yawa a yau shi ne microSD, mai tsawon milimita 15 da faɗin 11. Giga kuwa taƙaitaccen gigabait ne, ma'aunin yawan abin da kati ke iya ɗauka. Fayil shi ne kowane abu guda da aka ajiye, folda kuma jakar da ake tara fayiloli a ciki.

Fomat shi ne a rubuta wa kati sabon tsarin fayil. Tsarin fayil kuma ƙa'ida ce da na'ura ke bi ta san sunan kowane fayil, inda ya fara, inda ya ƙare, da wurin da babu kowa. A ɗauki katin a matsayin babban sito, tsarin fayil shi ne littafin mai tsaron siton, inda yake rubuta kayan wane suna wace kusurwa. Fomat na gaggawa cire tsohon littafin ne a kawo sabo fari fat: kayan na nan jibge a cikin sito, amma babu mai sanin inda suke, kuma duk sabon kayan da ya shigo a kansu za a sauke shi. Cikakken fomat shi ne wanda ake bi lungu-lungu a share. Sannan ba kowane mai tsaro ne ke karanta kowane littafi ba. Wanda boko kaɗai ya iya, in aka miƙa masa littafin da aka rubuta da ajami, cewa zai yi babu komai a ciki, ko ya ce littafin ya lalace a kawo sabo. Abin da ke faruwa ke nan idan na'ura ta ƙi kati lafiyayye, ko kwamfuta ta nemi a yi wa katin da ke aiki fomat.

Tsare-tsaren da mai gem zai fi cin karo da su huɗu ne: FAT32 da exFAT da NTFS, dukkansu na kamfanin Microsoft, sai ext4 na manhajar Linux.

Asalin iyakar giga 32

Katin SD ya fito ne a 1999 daga haɗin gwiwar kamfanonin SanDisk da Toshiba da Matsushita, wato Panasonic. A shekarar 2000 suka kafa ƙungiyar SD Association wadda ke tsara ƙa'idojin katin har yau. Ƙungiyar ta raba katuna aji-aji bisa girmansu, ta kuma ɗaura wa kowane aji tsarin fayil ɗinsa. Katin farko bai wuce giga 2 ba. A 2006 aka fito da SDHC, wanda ya kai giga 32, da tsarin FAT32. A 2009 SDXC ya biyo baya, daga sama da giga 32 har zuwa terabait 2, shi kuma aka ɗaura masa exFAT. Don haka duk katin giga 64 ko 128 ko 256 da aka ciro daga kwalinsa, da exFAT yake zuwa.

FAT32 tsoho ne, tun 1996 ya shigo tare da wata sigar Windows 95. Ƙarfinsa shi ne kusan babu na'urar da ba ta san shi ba, daga rediyon mota zuwa kyamara. Rauninsa kuma shi ne ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4 cif. Wannan ne ma ya sa wani lokaci mai tura fina-finai ke ganin kwamfuta ta ƙi zuba babban fim a katin da ke da sarari fal. An ƙirƙiro exFAT a 2006 don kawar da wannan iyaka, amma Microsoft ya riƙe haƙƙin mallakarsa, masu ƙera na'urori sai da lasisi suke sa shi. Sai a 2019 kamfanin ya wallafa bayanan tsarin a fili, aka shigar da shi cikin Linux.

A nan ne wani kuskuren fahimta ya samo asali. Mutane da yawa, har da masu gyara, sun yi imani cewa FAT32 ba ya wuce giga 32. Ba haka ba ne. Tsarin na iya ɗaukar kati har na terabait 2. Windows ce kawai ta ƙi nuna zaɓin FAT32 ga duk abin da ya wuce giga 32. Wani tsohon injiniyan Microsoft, Dave Plummer, wanda ya ce shi ya rubuta akwatin fomat na Windows a tsakiyar shekarun 1990, ya bayyana cewa da ka ya zaɓi lambar, a matsayin abin wucin gadi, sai ta zauna. A watan Agustan 2024 ne Microsoft ya sanar da ɗaga iyakar zuwa terabait 2 a wata sigar gwaji ta Windows 11, shi ma ga mai rubuta umarni da hannu kawai. Saboda haka mai son babban kati ya koma FAT32 kan nemi ƙananan manhajoji irin su guiformat ko Rufus. A kwamfutar Mac zaɓin yana nan cikin Disk Utility da sunan MS-DOS FAT.

Kowace na'ura da zamanin da aka haife ta

Tambayar da ake yawan yi ita ce wane tsari ya fi kyau. Tambayar da ta dace ita ce wane tsari na'urar ta iya karantawa, kuma amsar tana bin shekarar da aka ƙera ta da manufar kamfanin da ya ƙera.

PSP ta kamfanin Sony, wadda ta fito a Japan a ƙarshen 2004, ba ta amfani da SD sam. Katinta Memory Stick PRO Duo ne, na Sony ɗin kansa. Yau galibi adafta ake saya, wato kwanson da ake cusa microSD a ciki ya ɗauki siffar katin Sony. PSP na da wurin fomat a cikin saitinta, kuma nan ya fi dacewa a yi, domin tana gamawa za ta ƙirƙiri foldodin da take bukata da kanta, na waƙa, na hoto, na bidiyo da na ajiyar wasa. Abin lura shi ne a kan katin take ajiye inda ɗan wasa ya tsaya, don haka fomat na tafiya da wahalar watanni.

PS Vita ta 2011 ta fi tsauri. Katinta na musamman ne, ba ya shiga waya ko kwamfuta, kuma yana ɗaure da asusun PlayStation na mai shi. Wanda ya sayi Vita ko katinta na gwanjo zai tarar ba ya iya amfani da katin da nasa asusun sai ya yi masa fomat a cikin na'urar.

Nintendo 3DS, ita ma ta 2011, ita ce ta fi jawo ruɗani. Nintendo ya ce tana karɓar SD har giga 2 da SDHC har giga 32. Ba ta san exFAT ba ko kaɗan. Masu amfani da ita sun daɗe da gano cewa katin giga 64 ko 128 na aiki in an mayar da shi FAT32, sai dai kamfanin bai lamunci hakan ba, in matsala ta taso mutum da kansa zai ji da ita. Wani tarko kuma yana cikin saitin na'urar. Akwai zaɓin da aka rubuta "Format System Memory", wanda mutane ke dannawa da zaton katin zai goge. Ba katin yake gogewa ba, na'urar kanta yake mayarwa kamar ranar da aka ciro ta daga kwali. Tun da 3DS na kulle abin da ta ajiye a kati da mabuɗin sirri nata na kanta, kuma wannan gogewar na sauya mabuɗin, wasannin da aka sauke da ajiyarsu sai su zama ba sa buɗuwa ko da suna nan a kan katin. Ita 3DS ba ta da wurin yi wa kati fomat, sai an je kwamfuta. A New 3DS da New 3DS XL ma sai an kwance noti biyu an ɗaga murfin baya kafin a kai ga katin. Kuma tun ranar 27 ga Maris 2023 aka rufe sayayya a kantin intanet na 3DS, ko da yake wanda ya riga ya saya yana iya sake saukewa.

Nintendo Switch ta Maris 2017 ta zo da sarari giga 32 a cikinta, wani kaso nasa manhajar na'urar ta cinye, alhali wasa guda kamar The Legend of Zelda: Breath of the Wild ya haura giga 13. Kati ya zama kusan dole ga mai sauke wasanni. Tana karɓar microSD har terabait 2, tana karanta FAT32 da exFAT, amma ranar farko da aka saka mata microSDXC za ta nemi a haɗa ta da intanet ta sauke sabuntawa. Wanda ba shi da data a lokacin kan zaci katin ne ya ƙi. Sauƙin Switch shi ne ba ta ajiye ci gaban wasa a kati, a cikin jikinta take ajiyewa. Fomat zai goge wasannin da aka sauke da hotuna da bidiyon da aka ɗauka, amma inda aka tsaya a wasa na nan. Wasannin ana iya sake sauke su, in akwai kuɗin data da haƙuri. Hotunan ne ba a iya sake saukewa. Kuma katin da wata Switch ta yi amfani da shi, in aka kai shi wata, za ta nemi goge wasannin da ke kai kafin ta karɓa.

Steam Deck ta kamfanin Valve, ta Fabrairun 2022, kwamfuta ce mai tafiya da Linux, kuma in ta yi wa kati fomat ext4 take sa masa. Windows ba ta karanta ext4, don haka da zarar an soka wannan katin a kwamfuta za ta ba da shawarar a yi masa fomat. Shawarar ba ta nufin katin ya lalace. Na'urori irin su ROG Ally da ke tafiya da Windows su kuma exFAT ko NTFS suke so.

Switch 2, wadda ta fito ranar 5 ga Yunin 2025, ta sauya zancen baki ɗaya. Ba ta ɗora wasa sai a kan microSD Express, sabon nau'in kati mai ƙarin ƙafafun haɗi a bayansa da alamar EX a gabansa. Wannan bambanci ne na ƙirar katin, ba na tsarin fayil ba, babu fomat ɗin da zai mayar da tsohon kati ya zama Express.

Na'urorin da ransu ke kan kati

Akwai wani rukuni da ya cika kasuwa a 'yan shekarun nan: ƙananan na'urori masu araha da ake ƙerawa a China, irin su R36S da na kamfanin Anbernic da Miyoo Mini, waɗanda ke kwaikwayon tsofaffin na'urori su buga wasanninsu. Suna zuwa da kati cike da dubban wasanni, waɗanda galibinsu, a faɗi gaskiya, ba da izinin masu su aka zuba ba.

A da yawa daga cikinsu, ciki har da R36S, manhajar da ke tayar da na'urar kanta a kan katin take. An yanka katin gida-gida: ɗan ƙaramin sashe na tayarwa, sashen manhaja da ext4, sai babban sashe na wasanni. In aka soka shi a Windows, tagogi biyu ko uku ne za su buɗe lokaci guda, ɗayansu na cewa sai an yi fomat. Sashen manhajar ne take nufi, wanda ba ta iya karantawa. Duk wanda ya amsa mata ya goge abin da ke kunna na'urar. Amsar da ta dace ita ce a rufe tagar, a buɗe sashen wasanni kaɗai.

R36S na da wani ƙarin abu. Ba allo iri ɗaya aka sa wa dukkansu ba, kuma fayilolin da ke gaya wa manhaja irin allon da ke jikin wannan na'urar suna cikin sashen tayarwa, sunansu na ƙarewa da dtb. Wanda ya rasa nasa, ko ya sauko da sabuwar manhaja daga intanet ya ɗora, yana iya kunna na'ura ya ga fitila na ci amma allo baƙi ƙirin. Shi ya sa masu harkar ke cewa ranar da aka sayi na'urar a kwafe waɗannan fayiloli a ajiye. Katunan da ake haɗowa da su marasa suna ne, sun kuma yi ƙaurin suna wajen mutuwa da wuri, don haka sauya su da kati mai inganci ya zama al'ada. A nan ma fomat ba shi ne aikin ba. Ana ɗaukar cikakken kwafin katin gaba ɗaya, da sassansa duka, a buga shi a kan sabo da manhaja irin su Win32 Disk Imager ko balenaEtcher. Kwafar foldodi kawai ba ta wadatarwa. Miyoo Mini ta ɗan bambanta, tana tashi ko babu kati, abin da take nema kawai FAT32 ne.

Inda ra'ayi ya rabu

Saɓani mafi tsufa shi ne tsakanin FAT32 da exFAT a na'urar da ke karɓar duka biyun, musamman Switch. Masu goyon bayan exFAT na cewa shi ne abin da ƙungiyar SD ta tsara wa manyan katuna, da shi katin ya zo, kuma babu iyakar giga 4. Ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ƙarfi a cikin masu yi wa na'ura kwaskwarima su ɗora manhajojin da kamfani bai amince da su ba, na cewa yadda Switch ke sarrafa exFAT kan jawo lalacewar fayiloli idan na'ura ta tsaya cak ko ta mutu ana cikin rubutu. Suna ƙara da cewa iyakar giga 4 ba ta dami Switch ba, tun da takan yanka manyan wasanni gunduwa-gunduwa da kanta. Kowane ɓangare na da hujja a muhallinsa. Mai amfani da na'ura yadda kamfani ya tsara ba shi da dalilin wahalar da kansa, mai kwaskwarima kuwa ya fi fuskantar irin tsayawar da ke jawo ɓarnar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne FAT32 da exFAT dukkansu ba su da rajistar kariya irin ta ext4 da NTFS, wadda ke ba tsari damar gyara kansa bayan yankewar wuta. Zare kati ana cikin rubutu na cutar da su duka biyun.

Saɓani na biyu kan wurin da za a yi ne, na'ura ko kwamfuta. Inda na'ura ke da wurin fomat, a bar mata, domin ita ta san abin da take so. Inda ba ta da shi, ƙungiyar SD na da manhajarta ta kyauta, SD Memory Card Formatter, wadda ke daidaita tsarin da yadda aka ƙera katin. Sai dai ita ƙa'idar ƙungiya take bi sau da ƙafa, katin da ya wuce giga 32 exFAT za ta sa masa, don haka ba za ta taimaki mai babban kati da 3DS ba. Mai yi a kwamfuta zai gamu da wasu zaɓuɓɓuka biyu. Ɗaya girman rabo ne, wato mafi ƙanƙantar wurin da tsari ke ba fayil: in rabon kilobait 32 ne, fayil mai kilobait 1 ma 32 ɗin zai cinye. Kilobait 32 ne aka fi bi, masu 3DS kuma kan sa 64 ga katin giga 128 zuwa sama. Ɗayan kuma teburin rabon sassa ne, MBR ko GPT. Tsofaffin na'urori MBR suka sani, kuma katin da aka goge a Mac ba tare da lura ba kan fito da GPT, wanda ita ke kira GUID, na'ura ta ƙi shi ko da FAT32 ne a kai.

Game da na gaggawa da cikakke kuwa, zancen gajere ne. Sabon kati na gaggawa ya ishe shi. Cikakke, wanda tun daga Windows Vista yake rubuta sifili a ko'ina, na wanda zai sayar da kati ne ko ya ba da shi kyauta, domin hotunan da aka goge da na gaggawa wanda ya saya na iya dawo da su. Yana ɗaukar lokaci mai tsawo a babban kati, don haka a inda wutar lantarki ba ta da tabbas gara a yi shi a laftof mai caji. Tsoron da wasu ke yi cewa fomat na cinye rayuwar kati ya wuce gona da iri. Gaskiya ne kowane kati na da iyakar yawan rubutun da zai jure, amma na gaggawa ɗan abu kaɗan yake rubutawa.

Abin da fomat ba ya magani

Ba ya maganin katin jabu, kuma wannan ita ce babbar matsalar kasuwannin waya a ko'ina, da shagunan intanet. Yadda ake yi shi ne a ɗauki ƙaramin kati, misali mai giga 8, a sauya bayanin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa ya riƙa cewa shi 256 ne. Waya za ta nuna 256, kwamfuta ma haka, fomat zai tafi lafiya lau. Wasannin farko za su yi aiki. Da zarar an wuce giga 8 na gaskiya, abin da aka ƙara ko dai ya ɓace ko ya hau kan na baya ya murƙushe shi, sunayen fayiloli na nan reras amma cikinsu fanko. In aka yi fomat katin zai zama kamar ya warke, saboda an koma cikin giga 8 ɗin, har sai an sake cika shi. Hanyar tabbatarwa ita ce a cika katin da bayanan gwaji a sake karanta su, aikin da H2testw ke yi a Windows, F3 kuma a Linux da Mac. Gwajin kan ɗauki awanni a babban kati, kuma ranar da aka saya ya kamata a yi, tun mai shago bai manta fuskar mai saye ba. Steam Deck na yin wani ɗan gwaji makamancin wannan kafin ta yi fomat, shi ya sa takan ƙi wasu katunan da waya ta karɓa.

Kada a haɗa wannan da ragin da kowane katin ƙwarai ke nunawa. Masu ƙera kati na lissafa giga ɗaya a matsayin bait 1,000,000,000, Windows kuwa 1,073,741,824 take ƙirgawa. Don haka katin giga 64 kan nuna wajen 59, na 128 wajen 119, na 256 wajen 238. Ba fomat ne ya ci ragowar ba, ba kuma mai shago ba.

Ba ya ƙara gudu. Gudun kati na rubuce a jikinsa: U1 na nufin ba ya gaza megabait 10 a daƙiƙa wajen rubutu, U3 da V30 kuma 30, sannan A1 da A2 na nuna saurinsa wajen ƙananan fayiloli barkatai, wanda shi ya fi shafar buɗewar wasa. Ba ya kuma raya katin da ya tsufa. Katuna da yawa in sun kai ƙarshen rayuwarsu kulle kansu suke yi, a karanta amma ba a rubutawa, sai a ga an yi fomat an gama amma tsofaffin fayiloli sun dawo. Wannan alama ce ta a kwashe abin da ke ciki a nemi wani. Kafin a yanke wa kati hukunci dai a duba gefen adaftar SD, akwai ɗan maɓalli da ke zamewa ƙasa ya hana rubutu, kuma sau da yawa shi ne duk matsalar.

Abin da fomat ke magani da gaske shi ne tsarin da bai dace da na'ura ba, tsarin da ya hargitse saboda an zare kati ba a kashe na'ura ba, da ƙwayar cutar kwamfutar nan da ake kwasowa a wuraren tura waƙoƙi, mai ɓoye foldodi ta bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. Haka nan katin da wayar Android ta mayar wani ɓangare na ma'ajiyarta ta ciki, abin da ya fara daga Android 6.0 a 2015: wayar ta kulle shi da mabuɗinta, babu na'urar da za ta karanta shi sai an goge.

Sauya kati da kuma dawo da abin da aka goge

Mafi yawan masu neman fomat ƙaura suke son yi daga ƙaramin kati zuwa babba. A 3DS da Switch da PSP hanyar kusan ɗaya ce: a kashe na'ura gaba ɗaya, ba a sa ta barci ba, a kwafe duk abin da ke tsohon katin zuwa kwamfuta, a shirya sabon da tsarin da na'urar ke karantawa, a zuba masa komai yadda yake ba tare da sauya sunan folda ko ɗaya ba. Wannan na aiki ne in na'urar da ta rubuta tsohon katin ita za ta karɓi sabon. Kwafar foldar wasannin 3DS ko Switch ɗin aboki ba ta haifar da komai, saboda kullen da aka ambata. Kuma kada a goge tsohon kati sai an buɗe wasanni a sabon an tabbatar suna tafiya.

Wanda ya riga ya danna fomat bisa kuskure, abu na farko shi ne ya zare katin kada ya ƙara rubuta masa komai, ko hoto ɗaya. In na gaggawa ne aka yi, manhajoji irin su PhotoRec da Recuva kan dawo da hotuna da bidiyo da waƙoƙi, domin irin waɗannan fayiloli suna da alamar da ake gane farkonsu da ita, ko da yake sau da yawa ba sa dawowa da sunayensu na asali. Abin da aka ceto a zuba shi a kwamfuta, ba a kan katin da ake ceto daga gare shi ba. Wasanni da ajiyar 3DS sun fi wuya nesa ba kusa ba: a kulle suke, ba su da alamar da manhajar ceto za ta gane, kuma na'urar ba ta karɓarsu sai suna cikin ainihin foldodinsu da ainihin sunayensu. In kuwa cikakken fomat aka yi, wanda ya rubuta sifili a kan komai, babu manhajar da za ta dawo da abin da ke ciki.